A riƙa faɗa mana inda hayaƙi zai kwana

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da abokan aikinka, na rubuto ne game da shirinku na makon jiya a kan gobarar daji. Shirin ya yi armashi, amma akwai maganar da wani bawan Allah ya yi da ya bugo waya, wadda har yanzu take yi mini yawo a rai. Cewa ya yi hayaƙi ba shi da alƙibla, inda iska ta ga dama can take kai shi, saboda haka masu cewa suna hasashen tafiyarsa shaci-faɗi kawai suke yi. Babu wanda ya tanka masa, aka ci gaba da shiri. Ina neman ka ba ni fili in amsa masa, domin a wannan magana ni ganau ne.

Na koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare a gida kafin neman abinci ya kawo ni New York, inda nake tuƙin tasi, ina zaune a unguwar Bronx da iyalina. Ranar Talata 6 ga Yunin 2023 da yamma muka fara jin ƙaurin itace a cikin gari. Wuta ce ke cin dazuzzukan lardin Kebek a Kanada, wadda tsawa ta kunna a farkon watan, a nisan da ya kai na Kano zuwa Legas. 'Yata ta biyu tana da asma. A daren nan na buɗe taswirar hasashen hayaƙi a wayata, na ga wani curi mai kauri yana gangarowa daga arewa, an nuna zai iso mana washegari da rana. Na ce da mahaifiyarta yarinyar nan ba za ta fita ko'ina ba gobe. Muka rufe tagogi, muka jiƙa tawul muka toshe ƙasan ƙofa, muka ajiye abin shaƙarta a kusa da matashi.

Ranar Laraba wajen ƙarfe biyu na rana ina kan hanya sama ta rikiɗe ta zama ruwan goro. Rana ta koma kamar garwashi, kana kallonta da ido ba ta kashe maka gani. Motoci suka kunna fitilu, dogayen benayen da nake gani kullum suka ɓace, maƙogwarona yana ƙaiƙayi ta cikin takunkumi. Ma'aunin gurɓatar iska na birnin ya haura 400 a sikelin da ke ƙarewa a 500, aka rage saukar jirage, aka ɗage wasanni. Na kira gida, yarinyar ta karɓi waya ta ce, "Baba, wa ya kunna wuta a sama?" Muryarta garau, ba tari, ba shesshekar numfashi. Na yi hamdala. Allah ne ya tsare, kuma sanadin da ya ba ni shi ne wannan lissafi da ake kira shaci-faɗi.

Yadda ake yinsa bai fi ƙarfin fahimtar mai sauraro ba. Da farko taurarin ɗan'adam ne ke hango wutar. Na'urar MODIS da ke kan taurarin Terra da Aqua, da VIIRS da ta biyo bayanta a 2011, suna auna zafin da wuta ke fitarwa. Daga zafin ake ƙiyasta abin da ta ci, domin gwaji ya nuna kowane megajul ɗaya (ma'aunin makamashi ne) na zafin da ta haskaka yana nufin an ƙone kimanin giram 370 na busasshen itace da ciyawa. In an san abin da ya ƙone, an san yawan hayaƙin. Sai a zuba shi cikin kwamfutar hasashen yanayi, wadda ta yanka sararin sama gida-gida kamar gurabun dara, hawa bisa hawa. A tsarin HRRR-Smoke na hukumar NOAA ta Amurka, kowane gurbi faɗinsa kilomita 3 ne, kuma kowace awa ake sabunta lissafin. Kwamfuta na bin hayaƙin daga gurbi zuwa gurbi gwargwadon ƙarfin iska da inda ta dosa. A wancan makon wani yanki mai ƙarancin nauyin iska ne ya toge a gabar gabas, wajen lardin Nova Scotia na Kanada, iska na kewaya shi saɓanin tafiyar agogo, ta zama kamar indararo tana kwararo mana hayaƙin Kebek kai tsaye.

Inda gizo ke saƙa shi ne tambaya guda: wane tsawo hayaƙin ya kai kafin ya kwanta? Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan da idonsa. Da tsakar rana hayaƙin murhu miƙewa yake yi sama ya baje. Amma da magariba lokacin sanyi, in mata sun ɗora tuwo, sai ka gan shi ya tashi kaɗan ya tsaya, ya shimfiɗu bisa gari daidai tsayin danga kamar an baza farin mayafi, kana ratsa shi idanunka na hawaye. Ƙasa ce ta huce, iskar da ke taɓa ta ta yi sanyi da nauyi, mai ɗumi ta hau kanta ta zama murfi. Haka abin yake a babban sikeli. Akwai shimfiɗar iska ta ƙasa, wadda da rana kan kai kilomita ɗaya ko biyu, da dare ta tsuke. Hayaƙin da ya tsaya cikinta shi muke shaƙa, kuma bai cika yin nisa ba. Wanda ya fasa murfin ya hau sama yakan gamu da iska mai gudu, wadda sau da yawa ba ma alƙibla ɗaya take bi da ta ƙasa ba. In lissafi ya kuskure tsawon da kilomita ɗaya, zai iya aika hayaƙin wata jiha daban.

Masana sun daɗe suna fama da wannan. Tun 1969 Gary Briggs ya fitar da ƙa'idojin lissafin tashin hayaƙi, amma na bututun masana'antu ne, wanda an san faɗin bakinsa da zafin abin da yake fitarwa. Wutar daji ba ta da baki ɗaya, tafiya take yi, nan ta yi ƙarfi can ta lafa. A 2007 Saulo Freitas na Birazil da abokan aikinsa suka kawo wani tsari da ke lura da yanayin iskar da hayaƙin ke ratsawa, da kuma tururin da ke cikinsa. Wannan na tururi shi ya fi burge ni. Itace in yana ci yana fitar da ruwa, kuma idan tururin ya hau ya daskare ya zama gajimare sai ya saki zafi, zafin ya ƙara cilla hayaƙin sama. In wuta ta yi girma har hadarin kanta take haɗawa, da tsawa da walƙiya. A watan Agustan 2017 irin wannan hadarin wuta a yammacin Kanada ya kai hayaƙi kilomita 12, daga nan baƙin da ke cikinsa ya riƙa shan zafin rana yana ɗaga shi, cikin wata biyu ya kai kilomita 23. Na Ostireliya a ƙarshen 2019 da farkon 2020 ya fi haka, ya kai wajen kilomita 35, ya ratsa teku har Ajantina da Chile. Irin waɗannan ba su da yawa. Kyamarori tara na na'urar MISR da ke kan tauraron Terra sun auna dubban gobara, aka ga mafi yawan hayaƙi a shimfiɗar ƙasa yake tsayawa, wato wurin da huhun mutane yake.

Hayaƙin Kanada na 2023 ya nuna bambancin ƙarara. A ƙarshen Yuni ya tsallake Tekun Atilantika ya isa Fotugal da Sifaniya, sama ta yi dishi-dishi, amma da yake can sama ya bi, mutanen can ba su sha irin abin da muka sha ba. Shi ya sa taswirar ke zuwa iri biyu, ɗaya ta jimlar hayaƙin da ke bisa kanka har ƙololuwa, ɗaya ta wanda ke dab da ƙasa. Mai ɗa mai asma ta biyun yake nema.

Ban ce lissafin ba ya kuskure ba. Yana yi. Tauraron da ke kewaya duniya sau kaɗan yake wucewa ta kan wuri a yini, gajimare da hayaƙi mai kauri na ɓoye masa wutar, kuma galibi ana ɗauka cewa wutar gobe za ta yi kama da ta yau, alhali tana iya ninkawa da la'asar. Amma kuskuren da aka san mafarinsa, ake auna shi ana gyarawa, ya sha bamban da zancen da aka yanko daga ka.

Abin da ya fi sa ni ɗaukar alƙalami shi ne gida. Kusan kashi 70 cikin 100 na ƙasar da wuta ke lashewa a duniya kowace shekara a Afirka take. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, daidai lokacin hunturu, daji na ci daga Senegal har Sudan ta Kudu: masu sharar gona, masu farautar gafiya da zomo, masu neman sabon tsiro don dabbobi. Mu kuwa duk abin da ya dushe sama hazo muke ce masa. A farkon 2006 masana sun kafa sansani a Yamai, suka riƙa tashi da jirgin bincike suna ratsa wannan hazo. Suka tarar hawa biyu ne. Ƙurar Sahara, wadda kwarin Bodele na Chadi ke cikin manyan mafarinta, tana ƙasa, hayaƙin ƙunar daji daga kudu yana bisa kanta har wajen kilomita 4, saboda iskar hunturu mai sanyi na kutsawa ƙarƙashin mai ɗumi ta ɗaga ta. Kusa da inda ake ƙunar kuwa, da dare da asuba, hayaƙin kwanciya yake yi a kan garuruwa ya haɗu da ƙura da na murhu. Ƙwayoyinsa ba su wuce maikiromita 2.5 ba, gashin kai ya ninka su kauri sau kusan 30, suna wuce hanci su shige can cikin huhu. Na tuna yadda ajina kan cika da tari a watan Janairu, kowa ya ce sanyi ne, a sha citta da kanumfari.

Kuma wutarmu ƙanana ce, ta gona-gona, irin wadda manyan taurari ke tsallakewa. Da aka sake duba shekarar 2016 da hotunan taurarin Sentinel-2 masu kaifin gani, sai aka ga filin da ya ƙone a Afirka kudu da Sahara ya fi abin da MODIS ya nuna da kusan kashi 80 cikin 100. Ke nan hayaƙin da ake zubawa cikin lissafi a kanmu bai kai na gaskiya ba, kuma na'urorin auna iska a ƙasa, waɗanda da su ake gane kuskure, ƙalilan ne a garuruwanmu. Wannan aiki ne da ke jiran 'ya'yanmu masu karatun kimiyyar yanayi da lissafi a jami'o'in Kano da Zariya da Yamai, domin su suka san lokacin da ake cinna wa kara wuta da abin da ake ƙonawa.

Duk da haka akwai abin da za a fara da shi yau. Shirin Copernicus na Tarayyar Turai yana fitar da hasashen ƙura da hayaƙi na duniya baki ɗaya, na kwana biyar, kyauta ga duk mai intanet. A Najeriya akwai hukumar hasashen yanayi ta NiMet, a Yamai akwai cibiyoyin ACMAD da AGRHYMET, duka da masana da za su iya fassara shi. Mahaifiyata ba ta buɗe taswira a waya, amma rediyonta ba ya mutuwa daga asuba har isha.

Don haka roƙona gare ka, Malam Edita, abu biyu ne. Ku gayyato ɗaya daga cikin waɗannan masana ya zauna da ku, a buɗe layi, wancan bawan Allah ma ya sake bugowa ya yi tambayarsa a ba shi amsa. Sannan idan kaka ta wuce aka fara ƙuna, ku ƙara jimla biyu a bayan hasashen yanayi da Hausar da kowa zai gane: gobe da asuba hayaƙi da ƙura za su kwanta a yanki kaza, masu asma da tsofaffi da jarirai su jinkirta fita har rana ta ɗaga, masu niyyar cinna wa gona wuta su bari sai iska ta juya daga gari.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara basira, ya bar zumunci.

Naku mai sauraro a kullum,
daga Bronx, New York