Zuwa Ga Umma, Bayan Rasuwar Auta

Assalamu alaikum, Umma.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da Baba da Yaya da yaranta, ina ƙara yi mana ta'aziyyar Auta. Allah ya jiƙansa, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara, mu kuma ya ba mu haƙurin rashinsa.

Na ga ya fi in rubuta, domin a waya ba ma iya kai magana ƙarshenta: da zarar an ambace shi sai muryarku ta sarƙe, tawa ma ta bi, mu ɓige da zancen sanyi da aiki. Ga shi kuma Yaya ta gaya mini wata magana da ta hana ni sukuni, wai kun ce ku kuka jawo mana ni da shi, tunda a jininku muka ɗauko sikila. Umma, don Allah ku sauke wannan nauyi. Yaro ba ya zama SS, wato mai ciwon sikila, sai ya gāji ƙwayar daga uwa da uba duka biyun, kuma idan iyaye AS ne, wato masu ɗauke da ƙwaya ɗaya kawai, kamar ku da Baba, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon. Kowane ciki da nasa rabon, wanda ya gabata ba ya rage wa na baya komai, shi ya sa Yaya ta tsira mu biyu muka same shi. Mai AS lafiyayye ne, yawanci ba ya jin alamar komai a jikinsa, har ma likitata ta ce wannan ƙwaya ta yawaita ne a Afirka da Indiya da ƙasashen Larabawa saboda tana ba mai ɗauke da ita kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A lokacin aurenku babu wanda ya ce muku ku yi gwajin jini. Ta ina laifi zai hau kan mutum a abin da ba a sanar da shi ba?

Haka nan maganar cewa da an kai shi asibiti da wuri da bai tafi ba. Na karanta wa likitata abin da aka rubuta a takardarsa, ta ce ciwon ƙirjin da ke kama masu sikila ne, inda jini ke toshewa a huhu, numfashi ya gagara. Yana cikin abubuwan da suka fi kashe manya masu wannan ciwo, yakan taso cikin sa'o'i kaɗan, wani lokaci ma ga wanda yake kwance a gadon asibiti ana duba shi. Kun yi jinyarsa tun yana goye, kun kwana a zaune dare ba adadi, ni shaida ce, domin gadona yana kusa da nasa.

Kun sha tambayata yadda nake, ina cewa lafiya lau, kun kuma san amsar ladabi ce. Ga yadda rayuwar take. Kowace safiya ina shan maganin da ake kira haidroksiyuriya, wanda ke sa jiki ya ƙara yin irin jinin da jariri ke zuwa da shi duniya, wanda ba ya lanƙwashewa, sannan da ƙwayar ƙarin jini da penisilin, domin saifar masu SS takan daina aiki tun suna yara, ƙananan cututtuka su riƙa kayar da su. Maganin ya rage mini yawan tashin ciwon sosai, amma dole ana auna jinina a kai a kai. Gorar ruwa ba ta barin hannuna. Idan zafin jikina ya kai 38 ba na jiran gari ya waye, asibiti nake nufa.

Abin da ya fi wuyar bayani shi ne gajiya. Ƙwayar jinin lafiyayyen mutum tana yin kwana 120 tana aiki, tamu kuwa tsakanin kwana 10 zuwa 20 take mutuwa, ga ta a lanƙwashe kamar lauje tana maƙalewa a ƙananan jijiyoyi. Saboda haka kullum da lissafi nake tashi: idan na yi wanki yau, ba zan fita sayayya ba, idan zan je ofis gobe, daren yau da wuri zan kwanta. Mutanen wurin aikina sun yarda in riƙa yin wasu ranaku daga gida a kan kwamfuta, kuma wannan ya taimaka, musamman da ƙuguna na dama ya fara ciwo, aka ɗauki hoto aka ce jini ba ya isa kan ƙashin yadda ya kamata. Sanyin Ingila kuwa babban abokin gaba ne. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, kuma tsayuwar minti goma a tashar bas cikin iska ta isa ta tayar mini da ciwo, don haka nake fita da riga kan riga har abokan aiki suna yi mini dariya. Ba na jin haushinsu, ba su san abin da nake gudu ba.

Kada ku zaci komai daidai yake a asibitocin nan. Ƙa'idar ƙasar ta ce mai sikila da ya zo da ciwo a ba shi maganin rage raɗaɗi cikin minti 30 da isowarsa, amma na taɓa zama a sashen gaggawa fiye da haka nesa ba kusa ba, wata ma'aikaciya tana kallona kallon mai neman ƙwaya don maye. Ciwon da ba ya fitar da jini, ba ya karya ƙashi, da wuya a yarda da mai shi. Yanzu ina yawo da takardar da likitata ta rubuta, mai ɗauke da sunan maganin da ke yi mini aiki da adadinsa.

A nan ne rashin Auta ya fi yi mini ciwo. Likitoci sukan ce mutum ya auna zafin ciwonsa daga sifili zuwa goma, mu kuma muka mayar da abin gaisuwa tsakaninmu. Da safe sai ya turo mini lamba kawai, uku ko shida, ni ma in mayar masa da tawa. Idan na ga takwas na san ba ya son surutu, sai in bar wayar a buɗe mu yi shiru tare. Duk duniya shi kaɗai ne ba na buƙatar yi wa bayani. Ya riƙa tsokanata cewa ni ce babba, ni zan riga shi, don haka in bar masa wasiyyar kwamfutata. Ban samu ganin fuskarsa ba, kuma da na dawo daga aiki ranar da aka kai shi makwancinsa, babu mutum ɗaya a unguwar nan da ya san na yi rashi. Washegari motar kwashe shara ta zo a kan lokacinta, maƙwabciyata ta gaishe ni da fara'a, na amsa mata.

Yaya ta tambaye ni sabon maganin da ta ji a labarai. Gaskiya ne, a watan Nuwamba na 2023 hukumar magunguna ta Birtaniya ta amince da Casgevy, inda ake ɗibar ƙwayoyin ɓargon mutum a gyara su a mayar masa. Sai dai kafin a mayar, dole a kashe tsohon ɓargon da magani mai ƙarfi irin na masu ciwon daji, wanda kan iya hana haihuwa, a kuma yi makonni a asibiti, sannan mutane ƙalilan ake ɗauka a shekara. Ban yanke shawara ba, kuma ba zan yanke ba sai mun zauna da ku da Baba.

Roƙona biyu ne. Na farko, a kai yaran Yaya da na Kawu a gwada jininsu tun yanzu, kafin soyayya ta shiga tsakani maganar ta yi nauyi. Na biyu, Umma, ku daina yi mini irin kukan da ake yi wa wanda ya riga ya tafi. Ina jin sa a muryarku duk lokacin da na yi tari a waya. Ina aiki, ina biyan hayata, na shiga ajin ɗinki na ranar Asabar, kuma ina so ku riƙa yi mini faɗa a kan kashe kuɗi kamar yadda kuke yi wa Yaya.

Likitata ta ce zan iya tafiyar jirgi idan an canja mini jini kafin in tashi, saboda haka na nemi hutu a bazara. Ku ajiye mini wayarsa yadda take, kada a goge komai. A gaishe da Baba, a ce masa ya riƙa shan maganin hawan jininsa, a gaishe da Gwaggo da Kawu.

Wassalam,
'Yarku.