Wasiƙa ga abokan cinikinmu kan suga, girman roba da farashi

Assalamu alaikum.

Diloli da 'yan sari, masu shaguna da masu tura baro, iyayenmu mata da ke yi mana odar katan-katan na biki da suna, da kai ɗan'uwa da kan tsaya ka sayi roba ɗaya ka kashe ƙishi, muna gaishe ku baki ɗaya. Ya kasuwa, ya kuma haƙuri da mu?

Daga farkon wata mai kamawa za ku ga canji a kayanmu. Zaƙin zoɓo da na lemon citta zai ragu, za mu fito da ƙaramar roba mai 35cl, kuɗin babbar roba kuma zai ƙaru. Mun ga gara ku ji daga bakinmu tare da dalili, kafin harshenku ko aljihunku ya ba ku labari.

Wanda ya daɗe a harkar lemo a Najeriya zai tuna lokacin da gasar duk ta girman roba ce. A 2015 kamfanin AJE na ƙasar Peru ya shigo da Big Cola, Pepsi ta fito da doguwar robarta mai 60cl, sannan a 2016, shekarar da tattalin arzikin ƙasa ya shiga matsi, Bigi ya bayyana da roba 60cl a kan naira 100. Manyan da suka riƙe kasuwar tun shekarun 1950 da 1960 dole suka bi sahu. A wancan zamanin mai saye kan jera robobi biyu ya ɗauki wadda ta fi tsawo. Yau sai ya laluba aljihu tukuna, sannan ya tambayi mai shago, "Wanne ne na kuɗina?"

Ba sai mun ba ku labarin abin da ya faru a tsakani ba, tare muka sha. An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, a watan Yuni Babban Banki ya saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024. Mutane ba su daina shan abu mai sanyi ba, sauka suka yi mataki-mataki. Mai shan na gwangwani ya koma na roba, mai babbar roba ya koma ƙarama, wani ya haƙura da ruwan leda. Hajiyar da a da take ajiye wa kowane baƙo lemo da ruwan roba a wurin biki, yanzu zoɓo da kunun aya take nema, ta ce ai sun ma fi lafiya.

Ba za mu ɓoye muku ba, wannan matsin ya kawo wa irinmu ciniki. Amma mun san wanda araha ta kawo, araha ce za ta ɗauke shi ranar da wani ya fi mu sauƙi. Waɗanda muke ganin za su zauna da mu su ne masu juya roba su karanta bayanta. Da can ba a yin haka. Yanzu sai ka ga matashiya ta ɗaga roba sama tana neman lambar NAFDAC, ta duba ranar ƙarewar wa'adi, ta girgiza ta ga ko akwai laka a ƙasa, sannan ta ce, "Malam, akwai marar suga? Na Baba ne." Kusan kowane gida yanzu akwai wanda likita ya ja wa kunne a kan ciwon suga ko hawan jini, kuma mutum ɗaya da aka hana zaƙi yakan canza abin da ake saya wa gida duka.

To ga lissafin, don kowa ya riƙe. Lemon kwalba irin wanda aka saba da shi yana ɗauke da suga wajen giram 10 a kowane mililita 100. Ke nan roba mai 50cl tana da kusan giram 50, wato kimanin cokalin shayi 12. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a rana, wanda ga babban mutum ya kama wajen giram 50 ɗin nan, ta kuma ce in an iya rage shi zuwa rabin haka ya fi. Roba ɗaya ta cinye rabon yini, ba a yi maganar shayin safe ba. Zoɓonmu na yanzu ma a nan yake, giram 10. Jan launinsa da sunansa na kayan gargajiya ba su rage masa ko ƙwaya ɗaya ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, abin da baki ke faɗa daban, abin da hannu ke ɗauka daban. Mun sha zuba zoɓo a kofi biyu ba tare da rubutu ba mu miƙa wa mutane, ciki har da waɗanda suka fi kowa yi mana ƙorafin zaƙi. Yawanci mai zaƙin suke nunawa su ce wannan ne ya yi. In kuwa aka gaya musu wanne ne wanne kafin su kurɓa, sai su zaɓi mai ƙarancin suga, har su yi mana nasiha. Ba ƙarya suke yi ba a duka biyun. Hankali ya yarda, harshe ne bai saba ba, kuma harshe a hankali yake sabo. Shi ya sa ba za mu zabge sugan a tashi ɗaya ba. Wata mai zuwa za mu sauko zuwa giram 8, in an zauna da shi an saba mu sake saukowa, kuma duk lokacin da muka taɓa shi za ku ga adadin a rubuce a jikin roba da manyan baƙaƙe. Zoɓo yana da tsami, tsamin ne ke neman suga, don haka mun rage tsawon lokacin jiƙa shi, muka ƙara masa citta da kanumfari don kada ya yi salam. A sha shi da sanyi daidai. Abu in ya yi sanyi ƙarara ba a jin zaƙinsa sosai, wannan ma na cikin abin da ke sa masu yin lemo su cika hannu.

Wasunku sun ce mu bar suga mu koma zuma ko dabino. Shawara ce mai daɗin ji, amma a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya zuma da ruwan 'ya'yan itace suna cikin sugan da ta ce a rage, dabino kuwa kowa ya san zaƙi ne zalla. Mai ciwon suga kada ya ga an rubuta "da dabino aka yi" ya saki jiki. Haka masu cewa mu rubuta cewa zoɓo na maganin hawan jini, ba za mu rubuta ba. Abin sha muke sayarwa, maganar magani tana wurin likita.

Hanya mafi sauƙi da araha ita ce mu cire rabin sugan mu cike gurbinsa da sinadaran zaƙi irin su sakarin ko asfatam, zaƙi na nan, kuɗin suga ya ragu, ba mai ganewa sai mai karatun bayan roba. Kamfanoni da yawa a duniya haka suka yi, kuma doka ta yarda in an bayyana. Ba ma so mu tsorata kowa a kan wannan. A Yulin 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa asfatam a rukunin abubuwan da mai yiwuwa ne su haddasa cutar, bisa hujja mai rauni, a lokaci guda kuma kwamitin ƙwararru kan sinadaran abinci ya bar ma'aunin da ya halatta a rana yadda yake, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum. Dalilinmu na ƙin sa wani ne. In muka bar zaƙin a inda yake, harshen yaron da ke shan kayanmu ba zai taɓa koyon wani ɗanɗano ba, ga kuma ɗacin nan da yake bari a maƙogwaro, wanda duk mai shan kunun talla ya san shi.

Wani zai ce tsoron haraji ne ya sa muke rage suga. Ina ma haka ne! Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi, aka fara karɓa a 2022. A kan roba 50cl naira 5 ke nan, kuma a kan lita aka ɗora shi, ba a kan yawan sugan da ke ciki ba. Mai giram 12 da mai giram 6 kuɗi ɗaya za su biya. A Birtaniya da suka fara nasu a Afrilun 2018 hawa-hawa suka yi shi: abin da bai kai giram 5 a mililita 100 ba babu haraji, daga 5 zuwa ƙasa da 8 akwai, daga 8 zuwa sama ya fi tsada. Tun kafin ranar ta zo kamfanoni da dama suka rage suga don su kauce masa. Ƙungiyoyin lafiya a nan suna ta kira a ƙara namu. Mu dai ra'ayinmu, in za a taɓa shi a bi yawan suga, don wanda ya rage ya ga amfanin ragewarsa.

Sai maganar kuɗi. Mutum zai ɗauka tunda zoɓo da citta a gonakinmu ake noma su, dala ba ruwanta da su. Da ruwanta ƙwarai. Busasshen zoɓon da ake nomawa a Jigawa da maƙwabtanta kaya ne na fitarwa waje, mafi yawa zuwa Meziko inda su ma suke jiƙa shi su sha, kuma mai saye da kuɗin waje in ya shigo kasuwa shi ke yanka farashi, mu sai dai mu bi. Citta kuwa tun da cutar nan ta afka wa gonakin kudancin Kaduna a daminar 2023 ta yi tashin gwauron zabo. Sugan da ake tacewa a matatun Legas, ɗanyensa yawanci daga Barazil ake shigo da shi. Roba da murfi daga man fetur ake samo su. Wuta kuma, masu layin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, sun ga kuɗin yunit ya koma naira 225 a Afrilun 2024, waɗanda ba sa layin suna ƙona dizal. Abin da muka rage na suga bai kai ya toshe ko kusurwa ɗaya ta wannan ramin ba.

Akwai dabarar da ta zama ruwan dare a kasuwa: a bar farashi yadda yake, a matse ƙugun roba, a zurfafa gindinta, a zabge abin da ke ciki ba tare da an ce uffan ba. Ba za mu yi ba. Babbar robarmu 50cl ce, haka za ta zauna, kuɗinta ne zai hau, sabon farashin kuma yana cikin takardar da direbobinmu za su raba wa diloli. Ƙaramar ta 35cl mun yi ta ne don ɗan makaranta da mai ɗan canji a hannu, da masu biki da suka gaji da ganin robobin da aka sha rabi aka watsar a ƙarƙashin kujeru. Amma ku sani, in aka auna da lita ƙaramar ta fi tsada, domin murfi da takarda da aikin cikawa kusan ɗaya ne ko roba babba ce ko ƙarama. Mai iyali ya sayi babbar a raba a kofi ya fi masa.

Masu tambayar yaushe za mu fito da lemon ƙara kuzari irin su Fearless da Predator, mun ga yadda yake tafiya a tasha da wurin 'yan adaidaita da ɗaliban da ke karatun dare. Ba layinmu ba ne.

Kunun aya shi ne ya fi komai samun sababbin masoya, shi ne kuma ya fi ba mu ciwon kai. Ba ma sa masa sinadarin hana lalacewa, don haka in ya rasa sanyi na wasu sa'o'i a lokacin zafi sai ya fara tsami, roba ta kumbura, a buɗe ta yi tsartuwa. Mai saye ba zai ce wutar unguwar ce ta ɗauke ba, sunanmu zai kira. Saboda haka daga yanzu shagon da ke da firiza mai sola ko wutar da za a dogara da ita kaɗai za mu riƙa ajiye wa kunun aya, kaɗan-kaɗan, abin da bai shiga ba cikin wa'adinsa mu karɓe shi a kanmu. Sauran shaguna ba mu yar da ku ba, zoɓo da citta da tsamiya suna jure hanya tunda da zafinsu ake cika su a rufe. Diloli kuma ku riƙa lura da kalanda. Azumi yana matsowa baya da wajen kwana 11 kowace shekara, ya baro tsakiyar bazara ya nufi hunturu, don haka kada a yi sari da ma'aunin shekarun da ake buɗe-baki cikin zafin Afrilu da Mayu.

Roƙo ɗaya gare ku duka. Ana tsintar robobinmu da takardarsu a jiki, a ɗura wani abu a ciki a sayar da sunanmu. In zoben murfi a tsinke yake kafin ku buɗe, kada ku karɓa. In kun shanye ku yage takardar, ku murƙushe robar kafin ku ba 'yan jari-bola ko ku jefa a shara.

Sabon kaya zai fara fita da motocin makon farko na wata. Dilan da ke da ragowar tsohon kaya ya sayar da shi a tsohon farashi har ya ƙare, za a gane sabon da adadin suga da ke rubuce a gaban roba. Wanda ya sha ya ji zaƙin bai ishe shi ba, ko ya ji har yanzu ya yi yawa, ya gaya wa mai shagon da ya saya, direbobinmu za su riƙa tambaya duk ranar da suka kai kaya, kuma da abin da suka kawo mana za mu tsayar da lokacin ragi na biyu.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya ƙara lafiya.

Naku,
Shugabanni da ma'aikatan kamfani