Nisan zango da gudu ba su ne ma'aunin makami mai linzami ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna rubuto wannan wasiƙa ne kan yadda jaridarku ke kawo labarin makamai masu linzami a duk lokacin da wata ƙasa ta yi gwaji ko ta baje kolinsu a fareti. Kusan kullum abu biyu ake ba mai karatu: kilomita nawa makamin ke ci, da ninki nawa ya fi sauti gudu. Waɗannan alƙaluma daga bakin masu makamin suke fitowa, kuma su ne mafi ƙarancin amfani wajen gane abin da makamin zai iya. Mai karatu ya cancanci ya san abin da ke bayansu.

A fara da rarrabewa, domin a nan ruɗani yake somawa. Makamin balistik injinsa na roka yana ci ne na 'yan mintuna kawai, ya cilla shi sama, sannan injin ya mutu, sauran tafiyar kuma ya yi ta kamar dutsen da aka jefa, ya yi baka ya faɗo. Wanda ke tsallaka nahiyoyi yana fita sararin samaniya, ya dawo da gudun da ya kai kusan kilomita 7 a daƙiƙa ɗaya, tafiyar duka ba ta wuce kamar minti 30 ba. Makamin kurus kuwa ƙaramin jirgi ne marar matuƙi mai fukafukai da injin jet, galibi yana tafiya ƙasa-ƙasa don ya ɓuya wa rada. Tomahawk na Amurka gudunsa bai kai na sauti ba, kusan daidai yake da na jirgin fasinja, amma yana cin kimanin kilomita 1,600. Duka biyun Jamus ce ta fara amfani da su a yaƙi a 1944: V-1 shi ne kakan na kurus, V-2 kuma kakan na balistik, mai ɗaukar bam na kusan tan ɗaya zuwa kilomita 320. Masana suna kasa na balistik gida huɗu bisa zango: ƙasa da kilomita 1,000, daga nan zuwa 3,000, daga nan zuwa 5,500, sai wanda ya haura 5,500, wato mai tsallaka nahiyoyi.

Shi kansa zangon ba tsayayyen abu ba ne. Ana cinikinsa ne da nauyin bam ɗin da ke kan makamin. Iraƙi ta nuna haka a shekarun 1980, lokacin da ta ɗauki Scud-B na Tarayyar Sobiyet mai cin kilomita 300, ta tsawaita tankunan mansa, ta rage nauyin bam ɗin kusan da rabi, ta sa masa suna Al-Hussein, zangonsa ya ninka. A takarda ci gaba ne. A yaƙin 1991 kuwa da yawa daga cikinsu sun riƙa wargajewa a sama yayin da suke faɗowa, saboda gangar jikin da aka tsawaita ba ta iya jure matsin iska. Don haka idan wata ƙasa ta ce makaminta na cin kilomita kaza, tambayar da ta kamata ita ce: ɗauke da nauyin me?

Haka nan gwajin Koriya ta Arewa. A Nuwamban 2017 ta harba Hwasong-15 kusan a tsaye, ya yi sama kimanin kilomita 4,475, ya faɗa teku kilomita 950 daga inda ya tashi. Daga nan masu lissafi suka ƙiyasta cewa da an harba shi a kwance zai kai kusan kilomita 13,000. Lissafin ba ƙarya ba ne, amma irin wannan harbi ba ya nuna ko kan makamin zai jure dogon zafin shiga iska a karkace, wanda shi ne zai fuskanta a harbi na gaske, kuma ba ya nuna nauyin abin da aka ɗora masa ranar gwajin.

Abin da ya fi zango muhimmanci, wanda kuma ba mu taɓa ganin an yi bayaninsa a shafukanku ba, shi ne irin man da makamin ke sha. Akwai mai na ruwa, akwai daskararre. Na ruwa yana ba da ƙarfi sosai, amma yana buƙatar tankuna biyu (ɗaya na man, ɗaya na sinadarin da ke sa shi ya ci wuta), famfuna, bututu da bawul masu yawa, kuma kowane ɗayansu wuri ne da za a iya samun yoyo. R-7 na Sobiyet, wanda ya zama makami na farko mai tsallaka nahiyoyi a 1957 kuma ya kai Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, sama a shekarar, yana ɗaukar sa'o'i masu yawa kafin a gama ɗura masa mai, don haka a matsayin makami bai yi wani amfani ba, a harkar tauraron ɗan'adam ya yi suna. Daga baya aka koma ga man ruwa da za a iya barinsa cikin tanki shekara da shekaru, sai dai guba ne, yana cin ƙarfe, kuma sinadaran biyu suna kama wuta da zarar sun haɗu. A ranar 24 ga Oktoban 1960, a Baikonur, filin harba rokoki na Sobiyet, injin mataki na biyu na makamin R-16 ya tashi alhali ma'aikata na kewaye da shi suna gyara, tankunansa cike. Mutum fiye da 70 suka mutu, har da Mashal Mitrofan Nedelin, shugaban rundunar makaman. A Satumban 1980, a jihar Arkansas ta Amurka, wani ƙarfen kwance noti mai nauyin kilo uku da rabi ya suɓuce daga hannun ma'aikaci a cikin ramin makamin Titan II, ya faɗa ƙasa ya huda tankin mai. Bayan wasu sa'o'i ramin ya tarwatse, soja ɗaya ya mutu, kan nukiliyar ya yi tsalle ya faɗa waje, Allah Ya sa bai fashe ba.

Daskararren mai ana zuba shi ne tun a masana'anta, ya sandare cikin gangar makamin, ana iya harba shi cikin mintuna, ana iya yawo da shi a kan mota. Shi ya sa Minuteman III na Amurka, wanda ke aiki tun 1970 kuma 400 daga cikinsa ke cikin ramuka, da Yars na Rasha, da DF-41 na China, da Agni-V na Indiya duk shi suke sha. Ranar da Koriya ta Arewa ta gwada Hwasong-18 a Afrilun 2023, labarin ba zangonsa ba ne. Labarin shi ne ta samu mai tsallaka nahiyoyi mai daskararren mai, wanda ba ya buƙatar jerin motocin dakon mai da tauraron ɗan'adam zai hango kafin harbi. Shi ma yana da nasa ciwon: idan ya tsufa yana tsagewa ko ya rabu da bangon gangar, wuta ta bi tsagar ta ci fiye da ƙima, makamin ya fashe. Saboda haka ake duba su lokaci-lokaci da na'urar ɗaukar hoton ciki.

Sai saiti. Ma'aunin da masana ke amfani da shi shi ne tazara daga tsakiya zuwa bakin da'irar da rabin makaman da aka harba za su faɗa cikinta. Na V-2 kilomitoci ne, na Scud ɗaruruwan mitoci, na Tomahawk kimanin mita 10. Ma'anar wannan a aikace ita ce makami mai kuskuren rabin kilomita ɗauke da bam na gama-gari ba zai iya samun gada ko rumbun makamai ba, gari kawai zai iya samu, wato fararen hula. Yawancin makaman suna gane hanya ne da na'urorin cikinsu masu auna juyi da saurin tafiya, waɗanda ba a iya toshe su daga waje, amma kuskurensu na taruwa gwargwadon tsawon tafiya. Ana gyara shi da siginar tauraron ɗan'adam, wadda abokin gaba ke iya toshewa ko ruɗarwa, ko da kwatanta tuddai da kwaruruka da taswirar da aka loda, kamar yadda Tomahawk ke yi, ko da duba tauraro a sama, kamar yadda Trident II na Amurka ke yi bayan ya fito daga jirgin ƙarƙashin teku.

Batun gudun da ya ninka na sauti sau biyar, wanda ake ta kururutawa, ga gaskiyarsa: kowane makamin balistik mai matsakaici ko dogon zango ya wuce wannan gudu tun shekarun 1950. Sabon abu shi ne makami ya riƙa sauya hanya cikin iska a wannan gudu, kamar yadda aka ƙera kan DF-17 da China ta nuna a faretin 2019. Kinzhal na Rasha, wanda jirgin MiG-31 ke harbawa, ainihinsa dangin Iskander ne, makamin balistik mai gajeren zango na Rasha, da aka ɗora wa jirgi. An tallata shi a matsayin wanda ba ya taruwa, sai ga shi a Mayun 2023 Yukren ta ce ta kakkaɓo shi a Kiyev da na'urar tare makamai ta Patriot ƙirar Amurka, Amurka ta tabbatar, Rasha ta musanta. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Kada kuma a ɗauka masu tarewa sun fi. A ranar 25 ga Fabrairun 1991 wani Scud ya faɗa barikin sojojin Amurka a Dahran ta Saudiyya, ya kashe 28, alhali akwai Patriot a wurin. Dalilin ƙarami ne ƙwarai. Agogon kwamfutar yana ƙirga lokaci da ɗan kuskuren da ke taruwa, na'urar kuma ta yi kimanin sa'o'i 100 a kunne ba a kashe an sake kunnawa ba. Kuskuren ya kai kashi ɗaya bisa uku na daƙiƙa. A wannan ɗan lokaci Scud yana tafiyar fiye da rabin kilomita, don haka radar ta duba inda babu kome, ta yanke cewa babu hari. Manhajar da ta gyara matsalar ta iso washegari. Ban da wannan akwai tsada: makamin tarewa na Patriot na zamani yana kai kimanin dala miliyan 4, kuma galibi biyu ake harbawa kan hari ɗaya. Wanda ya turo jirage marasa matuƙa masu araha tare da makaman kurus da na balistik a dare ɗaya, kamar yadda Iran ta yi wa Isra'ila a Afrilun 2024, yana neman ƙarar da rumbun mai tarewa ne. Kuma kowace na'ura da aikinta: a cikin na'urorin tarewa na Isra'ila, Iron Dome na ƙananan rokoki ne masu gajeren zango, na balistik masu nisa aikin Arrow ne. Rahoton da ya ce Iron Dome ya tare makamin da ya taso daga kilomita dubu da ɗoriya ya kamata a sake duba shi kafin a buga.

Manyan ƙasashen ma gwajinsu na cin tura, sai dai ba sa son a faɗa. Trident da Birtaniya ta harba daga jirgin HMS Vanguard a Janairun 2024 ya faɗa teku kusa da inda ya tashi, bayan wani gwajin da ya saki hanya a 2016. Hotunan tauraron ɗan'adam na Satumban 2024 sun nuna wawakeken rami a Plesetsk, inda ake gwada Sarmat na Rasha. Abin da ya fi damun mu shi ne wanda ke biyan kuɗin kuskure. Jirgin fasinjan Iran da jirgin ruwan yaƙin Amurka USS Vincennes ya harbo a 1988 yana ɗauke da mutum 290. Na Malesiya da makamin Buk ya kakkaɓo a gabashin Yukren a 2014 yana ɗauke da 298. Na Yukren da dakarun Iran suka harbo kusa da Tehran a Janairun 2020 yana ɗauke da 176. A duka ukun makamin ya yi aikinsa daidai, ya samu abin da aka saita shi a kai. Waɗanda suka mutu matafiya ne.

A ranar 9 ga Maris 2022 wani BrahMos, makamin kurus da Indiya ta ƙera tare da Rasha, ya tashi bisa kuskure ya faɗa Mian Channu a cikin Pakistan. Ƙasashe biyu ne masu nukiliya. Ba a rasa rai ba, Pakistan ba ta rama ba, Indiya kuma ta kori hafsoshi uku. Ƙasashen biyu suna da yarjejeniya tun 2005 ta sanar da juna kafin gwajin makamin balistik, amma ba ta shafi na kurus ba. Irin waɗannan yarjeniyoyi raguwa suke yi. Wadda Amurka da Sobiyet suka sa wa hannu a 1987, ta haramta makaman da ake harbawa daga ƙasa masu cin kilomita 500 zuwa 5,500, ta sa an lalata makamai 2,692, ta rushe a Agustan 2019. Oreshnik da Rasha ta harba kan birnin Dnipro a Nuwamban 2024 daga ajin da yarjejeniyar ta haramta ya fito. Haɗarin wannan aji shi ne gajartar lokaci: yana isa cikin mintuna kaɗan, kuma wasu, irin su DF-26 na China, suna iya ɗaukar bam na gama-gari ko na nukiliya, wanda aka harbo wa kuwa ba shi da hanyar sanin wanne ke tafe kafin ya yanke shawarar ramuwa.

Muna roƙon ku, ranka ya daɗe, idan labarin gwaji ya sake zuwa teburinku, a nemi sanin ko ƙasar ta sanar da maƙwabtanta da masu jiragen sama da na ruwa kafin ta harba, a kuma faɗa wa mai karatu wanda ya tabbatar da alƙaluman ban da ita kanta.

Wassalam,
Wasu masu nazarin al'amuran tsaro da kayan yaƙi