Ƙarin girman da na roƙi Allah yana neman raba ni da saƙata

Assalamu alaikum Anti,

Ƙarfe biyu saura na dare nake rubuto miki wannan takarda, barci ya ƙi zuwa, don haka ki yi haƙuri idan kin ga maganar tawa tana gaba tana baya. Abin da aka yi mini shekaranjiya a wurin aiki ne ya tsaya mini a rai, na rasa wanda zan faɗa wa ya fahimce ni.

Muna tsakiyar mitin ɗin mako, ga yaran da ke ƙarƙashina su 9 a zaune, ga shugabannin sauran sassa, sai ogana ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Malama, kujera muka ba ki ko kibiyar saƙa?" Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ita kuwa abokiyar aikina da na san ita ce ummul'aba'isin abin, ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ta rubuce-rubuce kamar ba ta san me ake ciki ba. Anti, ban iya cewa uffan ba. Ina jin bugun zuciyata a cikin kunnena har aka tashi. Na shige banɗaki na yi kuka na wanke fuska, na dawo na zauna kamar babu komai.

Bari in koma baya don ki gane. Shekaruna 34, ina da aure da yara 3. Shekara 9 ke nan ina aiki a wannan ma'aikata, ba a taɓa kama ni da makara ko wasa da aiki ba, kowa shaida ne. Wata 4 da suka wuce aka yi mini ƙarin girma, na zama shugabar sashenmu, amma da sharaɗin gwaji na wata 6 kafin a tabbatar da ni. Na yi murna, ba zan ɓoye miki ba. Na daɗe ina roƙon Allah wannan matsayi, sau biyu ana tsallake ni.

Ita kuma saƙa ba jiya na fara ta ba. Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ita ta ɗora hannuna a kan kibiya tun ina 'yar shekara 10. Har yau kibiyoyinta suna wurina, masu kaurin milimita 4, ɗaya ta ɗan lanƙwashe saboda yawan riƙo, kuma da su na fi jin daɗin aiki duk da na sayi wasu, har da masu igiya a tsakiya da ake saƙa jikin riga a zagaye babu ɗinki. Ita ta koya mini kada in fara riga sai na saƙa ɗan gwaji na auna. Da zare matsakaici da kibiya mai kaurin milimita 4, hannuna yana ba da ƙulli 22 a santimita 10, haka yake tun ina budurwa. Ita ta koya mini cewa ulu na gaske ba ya son ruwan zafi da cuɗa, ya kan ƙanƙance ya dunƙule, shi kuwa zaren roba babu ruwansa. Ita ta nuna mini lambar rini da ke jikin takardar kowane dunƙulen zare, ta ce ko launi ɗaya ne, in lambar ta bambanta sai an ga layi a jikin riga idan rana ta haska. Na san za ki ce me ya kawo wannan duka, amma so nake ki san ba wasan yara nake yi ba. Lokacin da ta rasu, shekara 6 ke nan, saƙar nan ce ta riƙe ni. Ina ƙirga ƙulli ina share hawaye har zuciyata ta lafa.

To ita wannan abokiyar aikin nawa, tare aka ɗauke mu, tebur ɗinmu yana kallon juna tsawon shekaru. Na saƙa wa 'yarta rigar sanyi da hula da safa, ko godiyar kirki ban nema ba. Ita ma ta nemi kujerar nan ba ta samu ba. Tun ranar da takardata ta fito ta canza, gaisuwa ma sai ta ga dama. In na ba ta aiki sai ta ce "to ranki ya daɗe" da wata irin murya, sannan ta ajiye shi sai ranar ƙarshe. Ita kaɗai ce ta shigo ofishina ranar Litinin ba sallama ta tarar da ni da saƙa a hannu, ta tsaya ta kalle ni ta fita. Washegari oga ya yi maganar nan. Ruwa ba ya tsami banza, Anti. Irin mutanen nan ne masu dariya da kai suna haƙa maka rami.

Kuma fa lokacin hutu ne. Minti 30 ake ba mu da rana, haƙƙina ne. Wasu suna kashe nasu a kan waya suna kallon bidiyo, wasu hira suke yi har su zarce da kwata, ba wanda ya taɓa cewa kujera aka ba su ko waya. Ni da na rufe ƙofata na yi layi huɗu ko biyar don kaina ya huce, ni ce abin nunawa a gaban yara? Na yarda ranar agogo ya ɗan wuce, wataƙila da minti 10, don ina tsakiyar rage ƙulli ne a saman hula, in ka tsaya a nan lissafi ya ɓace. Amma minti 10 nawa nake ba su kyauta kullum?

Na zauna na lissafa. A takarda awa 8 ne a rana, awa 40 a mako. Makon jiya awa 58 na yi, ban ma sa saƙonnin WhatsApp da oga ke turowa ƙarfe 10 na dare ba, waɗanda in ban amsa ba da safe zai ce ya ga alamar na karanta. Da can nawa kawai nake yi in tashi. Yanzu aikin mutum 9 sai ya bi ta hannuna, ga mitin uku ko huɗu a rana, ga rahoton mako, ga na wata, ga sasanta waɗanda ba sa ga maciji da juna. Babu wanda ya koya mini shugabanci, an miƙo mini makulli ne kawai aka ce bismillah. Na taɓa jin rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar a 2021, cewa mai aikin awa 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ƙaruwa masa da kashi 35 cikin 100, na mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17, in an kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40. Lokacin ban ɗauke shi da muhimmanci ba. Yanzu da nake tashi da ciwon kai kullum, ga hawan jini shi ya ɗauke mahaifiyata, abin yana faɗo mini a rai. Abu ɗaya da ke saukar mini da numfashi shi ne ake so in ajiye.

Ban ma gaya miki maganar matan Asabar ba. Mu 7 ne, shekara 3 muna haɗuwa a falona duk Asabar da yamma, ni nake koya musu. Hulunan jarirai bakwaini muke saƙawa mu kai wani asibiti kyauta, saboda su bakwaini jikinsu ba ya riƙe ɗumi, ga kan jariri babba ne a kan jikinsa, ta nan sanyi ke saurin kama shi. Hular ba ta fi tafin hannuna ba, da zare mai laushi, ba ma barin ƙulli mai tauri a ciki don kada ya gurje musu fata. A awa biyu nake gama ɗaya. Ni ce kuma mai rubuta musu tsarin kowace saƙa a littafi, layi bayan layi, in ɗauki hoto in tura musu. Rabon da in rubuta sabon tsari tun kafin ƙarin girman nan. Asabar huɗu a jere na ba su haƙuri. Ta biyar ɗin, babbar cikinmu, wadda nake kira Yaya, ta kira ni ta ce, "Ƙanwata, in kin fi ƙarfinmu yanzu ki faɗa mana mu nemi wani wuri." Maganar nan ta yi mini ciwo fiye da yadda ta zata. Ni da na tara su? Ba ta tambaye ni ko lafiya ba.

Ga ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya, cikinta wata 8, na yi mata alƙawarin shawul irin wanda Mama ta saƙa wa ɗana na fari. Ko rabi ban kai ba. Kullum ta kira sai ta ce "Yaya, ina shawul ɗina?" in ce yana hanya.

Maigidana kuwa ba ya ganin akwai wata matsala. Da na ba shi labarin mitin ɗin, cewa ya yi, "Ai taura biyu ba ta taunuwa. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ki tattara zaren nan ki sa a akwati sai an tabbatar da ke." Shi ƙarin albashin yake kallo, don mun riga mun canza wa yara makaranta a kansa. Ba na cewa mugu ne, amma bai taɓa zama ya tambaye ni me nake ji in na riƙe kibiya ba. Da can yana alfahari da rigar da na saƙa masa, yanzu in ya ga dunƙulen zare a kan kujera sai ya ɗauke shi da yatsa biyu ya ajiye gefe. Shi in ya dawo aiki yana da ƙwallonsa a talabijin, ba wanda ya ce ya sa ta a akwati.

Akwai abin da ya kamata in faɗa tun farko, na manta. Rahoton watan jiya da na miƙa ya makara da kwana biyu, kuma an sami kuskure a jadawali ɗaya, alƙaluman wani wata ne suka shiga gurbin na wani. Oga ya riga ya tura shi sama kafin a gano, aka dawo masa da shi. Jiya aka kawo mini takardar tuhuma, an ba ni zuwa Litinin in amsa a rubuce. Amma Anti, alƙaluman nan daga teburin waccan matar suka fito, kuma sai yammacin ranar ƙarshe ta ba ni. Na san aikina ne in duba kafin in sa hannu. Na duba, sai dai idona ya gaji. Gaskiya a daren na kai ƙarfe ɗaya ina kan shawul ɗin ƙanwata, saboda na kwanta na kasa barci, na ce gara in yi abin amfani da in yi ta juyi. Ba saƙar ce ta hana ni barci ba, rashin barcin ne ya kai ni ga saƙar. Wannan ne ba wanda zai yarda da shi, shi ya sa ko maigidana ban gaya wa zancen takardar ba.

Abin da ya fi tsorata ni ma ba takardar ba ce. Akwai rigar sanyi da nake yi wa autana, na gama hannu ɗaya kafin ƙarin girman, na yi ɗayan a cikin makonnin nan. Daren jiya na shimfiɗa su a kan gado, sai na ga sabon ya fi tsohon tsukewa, kamar ba na riga ɗaya ba. Na ɗauko tef na auna, ƙulli 25 a santimita 10. Zare ɗaya, kibiya ɗaya, lissafi ɗaya. Hannuna ne ya ƙanƙame zaren ban sani ba. Shekara 24 ina saƙa hannuna bai taɓa canzawa ba. Na zauna na warware shi gaba ɗaya, zaren ya fito a murɗe, ina naɗewa ina kuka. In har abin ya shiga hannuna, ina kuma ga zuciyata?

Wani lokaci sai in ce in je in ce musu su karɓi kujerarsu in koma teburina na da, in tashi ƙarfe 4 kamar kowa. Sai in tuna wadda za a ba, in tuna kuɗin makarantar yara, in tuna shekara 9 da na yi ina jira. Wani lokaci kuma in ce to bari in bi maganar maigidana, wata 2 ne kawai suka rage na gwajin. Amma wa ya ce bayan wata 2 aikin zai ragu? Waɗanda suka riga ni hawa ban ga sun sami sauƙi ba. Kuma jaririn ƙanwata ba zai jira a tabbatar da ni ba.

Don Allah Anti ki ba ni shawara. A amsar takardar tuhumar nan, in ambaci sunanta da lokacin da ta ba ni alƙaluman, ko in ɗauki laifin ni kaɗai? In na ambace ta za a ce shugaba tana fakewa da na ƙasa, in na yi shiru kuma ta ci bulus, gobe ma ta sake. Shi kuma oga, ya dace in same shi shi kaɗai in gaya masa bai kyauta mini ba a gaban yarana, ko in haɗiye tunda takardar tabbatarwata a hannunsa take? Ta yaya zan sake tsayawa gaban mutum 9 ɗin nan in ba su umarni bayan sun yi mini dariya? Matan Asabar kuma me zan ce musu, don ba na son su ji zancen takardar.

Ki gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci, ko dai ni ce ban dace da kujerar ba tun farko? Jakar saƙar tana nan bakin ƙofa inda na saba ajiye ta kusa da jakar ofis, na ɗauke ta na mayar ya fi sau uku a daren nan. Litinin ce ranar ƙarshe ta amsar, don Allah ki taimaka ki duba tawa kafin nan, kuma a sakaya sunana.

Taki,
Wata mai saƙa