Godiya Ga Masu Jirgin Yawo Na Bakin Kogin Kaduna

Zuwa ga Alhaji mai wurin, da Baba matuƙi, da 'yar'uwarmu mai ɗaura wa yara rigar kariya, da sauran ma'aikata baki ɗaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu wasu malaman firamare ne a cikin garin Kaduna, waɗanda fita da yara yawon buɗe ido lokacin hutu ya rataya a wuyanmu. Da sai mu kira Alhaji a waya mu yi godiya a wuce wurin, amma mun ga gara a yi ta a bainar jama'a, iyaye su ji, masu irin sana'arku ma su ji. Dalilin godiyar kuwa zai ba wani dariya: kuna hana mutane shiga jirgi idan kogi bai yarda ba, kuna kuma mayar musu da kuɗinsu cif ba tare da an kai ruwa rana ba.

Wanda bai san kogin nan ba, ba zai gane nauyin wannan magana ba. Dogon hutun makarantu yana farawa ne wajen ƙarshen Yuli ya kai cikin Satumba, daidai lokacin da Kogin Kaduna ya fi cika ya fi ƙarfi. Daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa tsakiyar gari, ya bi ta madatsar Shiroro, ya je ya faɗa Kogin Neja bayan tafiyar kusan kilomita 550. Ke nan ruwan da ke wucewa ta gabanku ba na saman Kaduna kaɗai ba ne. Ana iya wayar gari da rana tarwai a Unguwar Rimi, amma kogi ya ƙaru cikin dare saboda ruwan da aka tafka can sama jiya da shekaranjiya. Ruwan ya yi jajir, ya ɗauko itace da kututture da tarin leda. Mutanen Kabala da Nasarawa da Titin Kigo ba sa buƙatar a ba su labarin ambaliyar 2003. To a irin wannan lokaci ne yara ke gida suna damun iyaye a fita da su, kuma a lokacin ne mai jirgi ya fi ganin kuɗi.

Abin da aka saba gani a wasu wuraren, waɗanda ba za mu kama suna ba, shi ne a karɓi kuɗi tun daga ƙofa, a yi ta lodi har ruwa ya kusa taɓa bakin jirgi. Ka ce an yi yawa, a ce maka "Malam, ai kullum haka muke yi, Allah ne ke tsarewa." Allah ne ke tsarewa, ba musu, amma ba Shi ya ce a ɗora mutum ashirin a jirgin mutum goma ba. Rigunan kariya guda huɗu ne rataye a ƙusa, rana ta cinye su, igiyoyin sun tsinke an ɗaure da zare, kuma duk na manya. In ka fasa shiga, kuɗinka ya zama tarihi: mai tikiti ya ce sai manaja, manaja ya tafi masallaci tun azahar bai dawo ba.

A wurinku akwai sanda kafe a bakin mashigi, an yi mata fenti kashi uku. Ruwa na kan kore, ana fita kamar kullum. Ya hau ruwan ɗorawa, a rage mutane, a daina ɗaukar ƙananan yara. Ya taɓa ja, a ɗaure jirgi, ko da kuwa ranar yawon Sallah ce kuma layi ya kai titi. Amfanin wannan sanda shi ne ta kashe gardama. Ba wanda zai ce an hana shi don an raina shi ko an ga bai da kuɗi, tunda shi ma da idonsa yake ganin inda ruwa ya kai. Mai tikiti kuma zai tambaye ka ko kuɗi kake so ko a rubuta maka wata rana, da fara'arsa, har da ba da haƙuri.

Amma wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce baiwar Allahn nan da yara ke kira Anti. Ba ta raba riga da ido. Akwai sikeli a gabanta, kowane yaro sai ya hau. Wanda bai kai kilo 15 ba rigarsa daban, mai matashi a ƙeya don ta ɗago kai sama. Daga kilo 15 zuwa 43 akwai ta yara, daga nan sama ta manya. Mutane da yawa suna zaton babbar riga ta fi tsaro, alhali ita ce mai hatsari: yaro na faɗawa ruwa rigar za ta taso sama, shi kuma ya zame ta ƙasa, ko ta toshe masa baki da hanci. Shi ya sa bayan ta ja zif ta ɗaure bel, daga na ƙasa zuwa na sama, sai ta zura igiyar da ke bi ta tsakanin ƙafafu, wadda yawancin wurare suke yankewa wai tana damun yara. Sannan ta sa yaron ya ɗaga hannu, ta kama kafaɗun rigar ta ɗaga. In rigar ta taso ta kai kunne ko ta rufe haɓa, a kwance a sake. Tana yi tana jan su da wasa, "Ɗan Baba, ɗaga hannu mu ga ƙarfinka," har mai kuka ya manta da kukansa.

Ga mata kuma ta warware wata matsala da ta daɗe tana hana iyaye mata shiga jirgi. Akwai labule a gefe, mace ce ke ɗaura wa mace. Tana roƙon Hajiya ta sa rigar a kan hijabi, a tattare bakinsa a cusa ciki, domin dogon hijabi da mayafi idan suka jiƙa suna nannaɗe ƙafa da hannu, kuma iska na iya kai gefensu wajen inji. Goyo kuwa ba ta yarda da shi ko kaɗan. Uwar da ta faɗa ruwa da rigar kariya bayanta ne ke komawa ƙasa, wato jaririn da ke goye shi ne zai nutse. Takan faɗi wannan a hankali, cikin girmamawa, "Hajiya, don Allah a sauke shi a riƙe a cinya," ba tsawa ba hantara. Da yamma kuma za ka gan ta tana ɗauraye rigunan da ruwa mai tsabta tana shanya su a inuwa, tana matsa kowace da hannu. Wadda soson cikinta ya taurare ko ya lotsa bai dawo ba, an ajiye ta ke nan.

Baba matuƙi shi ma ba a magana. Yawonsa kullum yana farawa ne da haurawa sama, gaba da ruwa, don in inji ya mutu ruwa ya dawo da jirgi wajen mashigi maimakon ya tafi da shi ƙarƙashin gada, inda ruwa ke juyawa a jikin ginshiƙai. Man da zai ɗauka yana kasa shi uku, kashi ɗaya na zuwa, ɗaya na dawowa, ɗaya na ko-ta-kwana. Haɗin man ma da ma'auni yake yi, mililita 100 na baƙin mai a lita 5 ta fetur kamar yadda irin injinsa ke buƙata, ba a kimanta da murfin galan ba. In baƙin mai ya yi yawa fulogi ya toshe, in ya yi kaɗan inji ya ƙone. Yana tuƙi yana waiwayar ɗan siririn ruwan da inji ke fitarwa ta baya. Da zarar ruwan ya tsaya, leda ta toshe inda inji ke shan ruwan sanyaya kansa, kuma a kogin da ke kwasar ledar gari guda wannan ba baƙon abu ba ne. Nan take zai kashe, ya ɗaga farfela ya cire, yaronsa na riƙe da jirgi da filafili. Igiyar kashe inji tana ɗaure a hannunsa ko yaushe, don in ya faɗa ruwa ta fizge inji ya mutu. Zama kuwa shi ke tsara shi: masu nauyi a tsakiya, dama da hagu daidai, ba tashi tsaye don ɗaukar hoto.

Hadari na haɗowa daga gabas Baba ya juya kan jirgi, ba ya jiran yayyafi. Sauti yana cin kilomita ɗaya a daƙiƙa uku, don haka in tsakanin walƙiya da tsawa bai wuce daƙiƙa 30 ba, hadarin bai fi nisan kilomita 10 ba, kuma mutumin da ke tsakiyar kogi shi ne abu mafi tsawo a wurin. Ana tara kowa cikin gini, ba gindin bishiya ba, sai an yi minti 30 da jin tsawar ƙarshe. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta rigar kariya. Ku tun kafin shida ta yamma kun ɗaure jirgi.

Da bazara, cikin Maris da Afrilu, matsalar takan sauya. Zafi kan haura digiri 35, kogi ya janye, duwatsu su fito, yara su ga kamar za a iya takawa a haye. A nan ne ramukan da masu ɗibar yashi suka bari suke cin mutane, ruwa iya gwiwa, taku ɗaya gaba ya shanye kai. Ga kuma tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga ƙananan katantanwa da ke zaune a kwantaccen ruwa na gefe, ta huda fata ta shiga, sai bayan makonni a ga yaro yana fitsarin jini. Kun ja igiya kun sa mai gadi, ba wanka ba wasan ruwa a gaɓa, kuma yana yi wa iyaye bayanin dalili maimakon ya ɗaga musu bulala.

Sauran abubuwa, tikiti da wurin ajiye mota da masu tsire da kunun aya, duk lafiya lau. Bayan gida a buɗe da ruwa da buta, wurin salla da tabarma.

Abin takaici shi ne a ce buɗaɗɗen bayan gida ya zama abin rubutawa a wasiƙar yabo. Gari ne da kogi ya ratsa tsakiyarsa, ga tsohuwar gadar Lugga a Gamji, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a kawo ta nan, ga Dandalin Murtala, ga jama'a masu son fita. Amma ka shiga wasu wuraren wasan yara ka ga lilo sarƙarsa ta ci tsatsa an ɗaure da waya, gidan tsalle na iska ba turaku a ƙasa ga iskar damina na kaɗawa, wayar janareta kwance cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa inda yara ke gudu ba takalmi. Akwatin agajin gaggawa, in ma akwai, auduga ce kawai a ciki. Ranar Sallah kuɗin shiga ya ninka ba sanarwa, ga lasifika na kiɗa har ana kiran salla. Ka yi magana a kalle ka kamar ka zo roƙo.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, muna da roƙo biyu. Rigunan 'yan ƙasa da kilo 15 sun yi kaɗan, ranar Asabar da Lahadi iyaye na daɗewa suna jiran jirgi ya dawo kafin a samu. Sannan layin tikiti yana buƙatar rumfa da benci, saboda tsofaffi da masu juna biyu. A gaishe mana da Baba da Anti, Allah ya saka musu da alheri.

Wassalam.

Daga wasu malaman firamare, Kaduna.