Kafin a sayi adaftar ɗora sabon gilashi a tsohuwar kyamarar fim

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin matasan da suka koma ɗaukar hoto da kyamarar fim. Da yawansu suna da gilashin kyamarar dijital mai tsada, sai su sayi tsohuwar kyamara, su ɗauka adafta kawai za a nema a haɗa su. Masu sayar da adafta kuwa ba kasafai suke faɗin inda gizo ke saƙar ba, har kuɗi ya tafi, wani lokacin ma madubin da ke cikin kyamarar, a bayan gilashi, ya tsage.

Abin da za a fara dubawa shi ne tazarar da ke tsakanin bakin kyamara, wato inda gilashi ke zama, da shimfiɗar fim ɗin. Kowane gilashi an ƙera shi ne don tazara guda. Nikon F tana da milimita 46.5, Olympus OM 46, Pentax K da M42 duka 45.46, Canon EF 44, Canon FD 42, Leica M 27.8. Na kyamarorin zamani marasa madubi kuwa gajeru ne ƙwarai: Canon RF 20, Sony E 18, Nikon Z 16. Adafta zobe ne da ake sakawa a tsakani, don haka ƙara tazara kawai take iyawa, ba ta ragewa. Dole tazarar gilashin ta fi ta kyamarar, bambancin kuma shi ne kaurin adaftar. Gilashin Nikon F a kan kyamarar Canon EOS mai bakin EF, milimita 2.5, lafiya lau. Akasin haka ba ya yiwuwa.

Ga lissafin da kowa zai iya yi da biro. A ninka tsawon gilashin, wato lambar milimitar da ke rubuce a jikinsa kamar 50 ko 28, da kansa, a raba da milimitar da gilashin ya yi gaba da wurinsa, abin da ya fito a milimita shi ne kusan iyakar nisan da hoto zai fito tangaran. Gilashi mai milimita 50 da ya zauna milimita 1 kacal gaba da wurinsa ba zai kama abin da ya wuce kusan mita 2.5 ba. Mai milimita 28 ba zai kai ko mita 1 ba. Idan kuwa aka ɗora gilashin Sony E mai milimita 50 a kan kyamarar fim ta Nikon FM2, rarar ta kai milimita 28.5, lissafin ya ba da kusan santimita 9, in an haɗa da tsawon gilashin kuma, sai abin da ke kusan santimita 14 daga gilashin ne kaɗai zai fito. Ya isa ɗaukar ƙwaro ko fure, amma ba fuskar mutum ba, balle gini. Duk wanda ya ce maka yana da zoben da zai magance wannan, ko dai bai sani ba ko kuma kuɗinka yake so.

Akwai adaftar da ake saka wa ɗan gilashin gyara a ciki don dawo da nisa. Tana aiki in rarar kaɗan ce, sai dai tana ƙara tsawon gilashin, tana cin haske, kuma idan aka buɗe ƙofar haske, wato ramin cikin gilashi da ake buɗewa ko tsukewa, sosai gefunan hoto sukan yi dishi-dishi. A ganina, sayen gilashi mai kyau sannan a sa masa wannan a baya asara ce.

Matsala ta biyu ita ta fi yaudarar mutane, domin gilashin yakan shiga daram, har a ji ƙarar kullewarsa. Nikon ta riƙe bakin F tun 1959, shi ya sa gilashinta na zamani mai harafin G ke hawa FM2 ba tare da adafta ba. Amma G ba shi da zoben ƙofar haske. A tagar leƙe za ka ga komai fes, mitar haske ta ba ka lissafi kamar ƙofar a buɗe take, da ka danna sai ƙofar ta tsuke zuwa mafi ƙanƙantarta. A gilashin 50 mai f/1.8 wannan na nufin f/16, ragin haske sama da mataki 6, kowane mataki kuwa rabin hasken yake cirewa, sai a wanko fim a tarar kusan babu komai a kai. Gilashin Nikon na zamani mai harafin E kuwa da lantarki ake juya ƙofarsa, kuma babu kyamarar fim da ke iya ba shi umarni, har F6 ta 2004, don haka a buɗe yake zama. Na Nikon mai alamar AF-P ko zobensa na saita nisa ba ya motsa komai in babu wutar da ta dace. Wanda ke son sabon gilashi a FM2, FE ko F3 ya nemi mai zoben ƙofa, irin AF-D ko na hannu da Voigtländer da Zeiss suka yi da bakin F. Haka abin yake a Pentax K1000: FA mai zobe yana aiki, DA marar zobe ba ya yi.

Canon EF tun fitowarsa a 1987 da lantarki yake komai. Akwai dabarar ɗora shi a kyamarar EOS, a zaɓi ƙofa, a danne maɓallin duba zurfin hoto, a cire gilashin ana danne da shi, ƙofar ta tsaya a nan. Tana yi, amma duk sauyin ƙofa sai an maimaita, tagar leƙe kuma ta yi duhu.

Sai faɗin hoton. Fim ɗin 35 yana da milimita 24 sau 36, kusurwa zuwa kusurwa kusan 43. Gilashin Nikon mai alamar DX da ire-irensa an yi su ne don ƙaramar sensar dijital mai kusan 28, shi ya sa kusurwoyi ke fitowa baƙi. Na Canon EF-S bayansa ya shiga ciki sosai, kada a tilasta shi a kyamarar fim, madubi zai buge shi.

Idan lissafi ya ba da dama aka sayo adafta, a gwada kafin a sa fim. A juya gilashin zuwa alamar ∞, wato saitin nisa mafi nesa, domin a nan ne bayansa ya fi kusantar madubi, a ɗaga madubin a hankali in kyamarar na da sandar yin haka, a saurara ko zai taɓa. Daga nan a buɗe murfin baya, a sa saurin labulen da ke rufe fim a B, inda yake zama a buɗe muddin ana danne da maɓalli, a riƙe shi a buɗe da igiyar dannawa mai kulle. A shimfiɗa salatif mai dishi-dishi a kan layukan ƙarfe biyu na ciki da fim ke bi, a miƙe shi sosai, a kula kada yatsa ya taɓa labule. A buɗe ƙofar haske gaba ɗaya, a nufi wani abu mai nisa kamar dogon ƙarfen sadarwa, a duba da gilashin ƙara girma. In hoton ya fito tun kafin a kai ∞, adaftar ta yi siriri kaɗan, ana iya cike ta da siririn fallen tagulla a ƙarƙashin sukurori. In an kai ƙarshe bai fito ba, ta yi kauri, gara a mayar da ita da a kama goge ta, don da wuya gugar hannu ta tafi daidai a kowane gefe. A tuna kuma yawancin adaftoci ba sa haɗa ƙofar haske da kyamara: a saita hoto ƙofa a buɗe, a tsuke ta, sannan a karanta mitar haske.

Shawarata ga mai tarin gilashin zamani ita ce ya zaɓi kyamarar da ta dace da gilashinsa, ya bar neman zobe. Mai EF ya nemi EOS ta fim, daga 650 har EOS 3 da 1V, kusan duk gilashin EF na Canon yana aiki a kansu, yana saita nisa da kansa. Mai G ya nemi Nikon F100, F5 ko F6. Mai gilashin RF, Z ko Sony E kuwa ya bar shi a kyamararsa ta dijital, ya saya wa tsohuwar kyamarar gilashin 50 na zamaninta.

Na gode da ba ni wannan dama.

Naka,
Wani mai gyaran kyamara