Wariya a Asibitocin Kanada Tana Kashe 'Yan Asalin Ƙasar

Malam Edita, assalamu alaikum.

A Satumban 2008, Brian Sinclair, ɗan ƙabilun asali na Kanada (waɗanda ke ƙasar tun kafin zuwan Turawa) mai amfani da keken guragu, ya rasu a sashen gaggawa na wani asibitin birnin Winnipeg bayan jiran awa 34. Bututun fitsarinsa ne ya toshe, mafitsara ta kamu da cuta, abin da canjin bututu da magani za su warkar. Ba a tantance shi ba, wasu ma'aikata suka ɗauka maye yake yi, ko wurin kwana yake nema. Wannan zaton ne ya kashe shi.

A 2020 kuma Joyce Echaquan, 'yar ƙabilar Atikamekw, ɗaya daga ƙabilun asalin ƙasar, ta nuna a Facebook yadda ma'aikatan asibitin garin Joliette a jihar Quebec ke zaginta tana cikin ciwo. Ranar ta rasu.

Bita kaɗai ba za ta gyara wannan ba. Duk wanda ya shigo a rubuta sunansa, a gwada jininsa da zafin jikinsa kafin a yanke masa hukunci. A riƙa zagaya masu jira, a tashi mai barci a duba shi. A samar da tafinta dare da rana, koke kuma ya tafi hukumar da asibiti ba ya iko da ita.

Wassalam.